Ruwan Ɗumi da Ƙafafun Roosevelt: Nazarin Abin da Ninƙaya Ta Yi wa Masu Shan Inna a Warm Springs

Ranar 3 ga Oktoba, 1924, jirgin ƙasa ya tsaya a wata 'yar tasha a karkarar jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, aka sauko da wani mutum mai shekara 42 a duniya. Saukowa da shi aka yi, domin shekara uku ke nan rabon da ƙafafunsa su ɗauke shi ba tare da takalmin ƙarfe da sanduna ba. Sunansa Franklin Roosevelt. A lokacin bai zama gwamna ba, balle shugaban ƙasa. Lauya ne ɗan siyasa, ɗan gidan masu hali, wanda ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa a 1920 ya sha ƙasa, kuma mutane da yawa sun riga sun cire shi daga lissafi tun da ciwo ya kwantar da shi. Labarin wani ruwa ne ya kawo shi wannan ƙauye da aka sani da Warm Springs.

Ciwon ya same shi ne a watan Agustan 1921 a tsibirin Campobello na ƙasar Kanada, inda iyalinsa ke hutu. Ya wuni yana kai da komo da 'ya'yansa, ya yi iyo a ruwa mai tsananin sanyi, da dare ya kwanta da zazzaɓi da kasala. Kafin kwana uku ƙafafun sun daina amsa masa. Dakta Robert Lovett na birnin Boston, wanda ya yi suna a kan wannan cuta, ya duba shi ya ce shan inna ce. A 2003 wasu likitoci sun sake bin alamomin ciwon suka ce ya fi kama da wata cutar jijiya ta daban, wasu kuma suka musa musu. Shi dai a matsayin mai shan inna ya rayu, a haka aka yi masa magani, kuma a cikin masu shan inna ya zauna.

Abin da cutar ke ɓatawa, da abin da ruwa ke iya yi

Sunan da muka ba wannan cuta ya nuna yadda kakanninmu suka fahimce ta: Inna ce ta sha ƙafar yaro, shi ya sa ta tsotse ta ƙanƙance. Abin da ke faruwa a jiki shi ne ƙwayar cutar tana shiga ta baki, ta hayayyafa a hanji, a wasu mutane kaɗan kuma, kamar ɗaya cikin 200, ta kai ga laka ta kashe jijiyoyin da ke kai wa tsoka umarnin motsi. Jijiyar da ta mutu ta tafi ke nan. Amma da wuya a ce duka suka mutu. Waɗanda suka tsira sukan fitar da sababbin rassa su riƙe tsokar da ta rasa mai ba ta umarni, kamar yadda dangi ke ɗaukar maraya. Shi ya sa akan ga sauƙi a watannin farko har zuwa shekara ɗaya ko biyu, daga nan sai sauƙin ya ja baya. Cutar kuma ba ta kashe jijiyoyin ji a jiki. Wanda ta shanye masa ƙafa yana jin taɓi, yana jin zafi, sanyi kuwa yana damunsa fiye da kowa, domin jini ba ya zagayawa sosai a ƙafar da ba ta motsi.

Ga inda matsalar take. A ce tsokar cinya ta rage da ɗan ƙarfi kaɗan. Wannan ɗan ƙarfin ba zai iya ɗaga ƙafa daga kan gado ba, saboda nauyin ƙafar ya fi shi. Mai ciwon zai yunƙura, ya ga ko gezau, ya ɗauka babu komai a wurin. Tsokar da ba a aiki da ita kuwa ƙara lalacewa take, gaɓa ta sandare, jijiyar agara ta tsuke, har ƙafa ta lanƙwashe ta ƙi miƙuwa. Shi Lovett ɗin nan da abokiyar aikinsa Wilhelmine Wright su ne suka tsara hanyar auna tsoka bisa wannan tambaya: tana iya ɗaga gaɓar da nauyinta, ko sai an ɗauke mata nauyin? Har yau masu aikin gashi, wato ƙwararrun gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, a asibitocinmu da irin wannan awo suke amfani, daga sifili zuwa 5.

Ruwa kuwa ɗauke nauyi shi ne aikinsa. Duk wanda ya taɓa jan guga ya san wannan ko bai je makaranta ba: muddin guga na cikin ruwan rijiya ba a jin nauyinsa, sai ya fito sama igiya ke cin hannu. Mutumin da ya tsaya a ruwa iya ƙugu, kusan rabin nauyinsa kawai ke kan ƙafafunsa. In ruwan ya kai ƙirji, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. In ya kai wuya, kamar kashi ɗaya cikin goma. Tsokar nan da ta kasa ɗaga ƙafa a kan gado, a cikin ruwa sai ta motsa ta, mai ita yana gani da idonsa. Sannan ruwa yana da kauri, ya ninka iska wajen sau 800. Idan ka motsa hannu a hankali sai ya tallafe ka, idan ka yi sauri sai ya tokare ka, don haka ruwa guda ya isa mai rauni ya fara, ya kuma isa wanda ya ɗan yi ƙarfi ya ƙara. Faɗuwa ma a cikinsa ba irin ta kan daɓe ba ce, mutum na da lokacin da zai gyara tsayuwarsa. Sai ɗumi: yana sassauta tsokar da ta ɗaure, yana rage ciwo, yana barin mutum ya daɗe bai fara rawar ɗari ba.

Roosevelt ya ɗanɗana wani abu daga wannan tun kafin ya zo Jojiya. Ya yi ta iyo a wuraren wanka na abokansa, ya kuma je gaɓar Florida a jirgin ruwa ana saukar da shi cikin teku. Abin da bai samu ba shi ne ruwan da ɗuminsa ba ya canzawa.

Zuwansa na farko

Wani attajiri ɗan asalin Jojiya, George Foster Peabody, shi ya ba shi labari. Peabody na da hannun jari a wani tsohon otal na katako mai suna Meriwether Inn, wanda ya ga jiya ya ga yau, kasuwarsa ta mutu. Kusa da otal ɗin akwai maɓuɓɓuga a gindin tsaunin Pine Mountain, tana fitar da wajen galan 900 a minti ɗaya, ɗuminta digiri 31 a ma'aunin Salshiyos, rani da damina. Ruwan sama ne da ke nutsewa can cikin ƙasa, zafin ƙasa ya ɗumama shi, ya sake ɓullowa. Peabody ya gaya masa cewa wani saurayi mai shan inna, Louis Joseph, ya daɗe yana iyo a wurin shekara bayan shekara, har ya bar keken guragu ya koma tafiya da sanda. Gani ya kori ji. Roosevelt ya zo, ya ga Joseph ɗin da idonsa, ya tambaye shi dalla-dalla yadda yake motsa kowace ƙafa.

Da aka saukar da shi cikin ruwan sai ya tarar zai iya tsayawa. Babu takalmin ƙarfe, babu sanda, ba wanda ya riƙe shi. A wasiƙun da ya rubuta a makonnin nan ya bayyana cewa yana zagayawa da ƙafarsa a ruwa mai zurfin ƙafa 4 kusan kamar ba abin da ya same shi, kuma yakan yi awa biyu a ciki bai gaji ba. Ina so mai karatu ya ɗan tsaya a nan. Mutum ne dogo, ɗan wasanni, wanda shekara uku sai an ɗaga shi an ajiye, sai an tufatar da shi, kullum yana kallon mutane daga ƙasa. Yau ga shi tsaye, kafaɗarsa daidai da ta mai yi masa magana. Ko da a ce ruwan bai ƙara wa tsoka ko ɗaya ƙarfi ba, wannan tsayuwar kaɗai ba ƙaramin abu ba ce ga wanda ya rasa ta.

A ƙarshen wannan watan wani ɗan jarida mai suna Cleburne Gregory ya rubuta labarin a jaridar Atlanta Journal, da kanun da ke cewa Roosevelt zai yi iyo har ya warke. Jaridu a faɗin ƙasar suka ɗauka. Da Roosevelt ya dawo a watan Afrilun 1925 sai ya tarar mutane sun fara zuwa, ba wanda ya gayyace su, ba likita a wurin, ba gadon jinya. Cikinsu akwai Fred Botts, saurayi daga jihar Pennsylvania, wanda ya shafe shekaru a ɗaki, ya rame ƙwarai, ya kuma yi doguwar tafiyar a taragon kaya saboda kekensa ba ya shiga taragon fasinja.

Roosevelt bai sallame su ba. Ya shiga ruwan tare da su yana nuna musu motsin da ya koya, ya zana taswirar tsokoki yana rubuta ƙarfin kowace tsoka ta kowane mutum don a ga ko ana ci gaba, har ana kiransa Dakta Roosevelt, shi ma yana amsawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya san abin da likita mai ƙafa biyu ba lallai ya sani ba: yadda ake jin kunyar a ga ƙafarka a fili, da yadda ake fargabar sakin bakin kwamin iyo a karon farko.

Baƙin otal masu lafiya kuwa ba su ji daɗi ba. Suka ce ba za su shiga ruwa ɗaya da guragu ba, ba za su ci abinci ɗaki ɗaya da su ba, kada su ɗauka. Tsoron ba shi da tushe, domin mai shan inna makonni kaɗan ne yake yaɗa ƙwayar cutar bayan ta kama shi, waɗannan kuwa sun yi shekaru da nasu. Amma ƙyama ba ta jiran hujja. Dole aka ware wa masu ciwon wurin cin abinci daban, aka haƙa musu wani ƙaramin kwami a gefe. Daga nan Roosevelt ya gane cewa muddin wurin otal ne na masu hutu, mutanensa za su zauna a raɓe. A watan Afrilun 1926 ya saye shi ɗungurungum, otal da maɓuɓɓuga da fili mai faɗin eka 1,200, a kan kuɗi wajen dala 200,000, kusan kashi biyu cikin uku na dukiyarsa. Matarsa Eleanor ta ji tsoron abin, ga 'ya'ya a makaranta. Abokin aikinsa na lauya, Basil O'Connor, shi ma bai so ba. Daga baya shi O'Connor ɗin ne ya riƙe ragamar aikin har ƙarshen rayuwarsa.

Daga wurin wanka zuwa wurin magani

Abin da ya fi burge ni a wannan lamari shi ne Roosevelt bai tsaya a kan cewa shi ya ji a jikinsa ba. Da ya so, da ya sayar da labarin ruwa mai albarka, mutane su yi ta tururuwa, kamar yadda ake yi a wurare da yawa har gobe. Sai ya nemi likitoci su zo su auna. A 1926 ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka na taro a Atlanta, ba su ba shi damar yin jawabi ba, ya je duk da haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya a farfajiya, har suka yarda a yi gwaji. Dakta LeRoy Hubbard daga ma'aikatar lafiya ta jihar Niyu Yok, tare da wata ƙwararriyar mai aikin gashi, Helena Mahoney, suka kula da marasa lafiya 23 daga Yuni zuwa Disamba na wannan shekara, suna auna tsokokinsu a farko da ƙarshe. Rahoton ya nuna kowannensu ya sami ci gaba, wani kaɗan wani da dama. A 1927 ƙungiyar ta amince da wurin, aka kuma kafa gidauniyar Georgia Warm Springs Foundation.

A ma'aunin binciken yau wannan gwaji yana da giɓi. Mutum 23 ba su da yawa, kuma ba a ajiye wasu a gefe da ba su shiga ruwa ba don a kwatanta. Bayan haka mutanen nan ba ruwa kaɗai suka samu ba. Sun sami abinci mai kyau, da rana, da mai kula da su kullum, da abokan hira irinsu, bayan shekaru a ƙuryar ɗaki. Ba mai iya rarrabe wa kowanne kasonsa. Amma ko ba komai an kafa ƙa'ida: a auna kafin a fara, a auna bayan an gama, a rubuta.

Yadda aikin ke gudana kuwa ya sha bamban da abin da mutum zai zata in ya ji an ce ninƙaya. An kafa tebura da kujeru da sandunan ƙarfe na riƙewa a ƙarƙashin ruwa. Da safe samari masu tura keke za su kawo mutum bakin kwami, a zura shi ciki, a kwantar da shi a kan tebur ɗin da ruwa ya rufe, kansa a waje. Mai aikin gashi na tsaye a cikin ruwan kusa da shi. Za ta riƙe ƙafar, ta tallafi gwiwa da tafin hannu ɗaya, ta ce masa ya jawo diddige. In tsokar ta amsa ko da ɗan kaɗan ne, sai ta bar shi ya kai iyakar ƙarfinsa, sannan ta ƙarasa masa. Idonta na kan kwatangwalo, domin jiki wayo gare shi: in tsoka ɗaya ta gaza sai maƙwabciyarta ta karɓe aikin, mai rauni ta ci gaba da kwanciya. Ana ƙirga motsin, kuma ana tsayawa kafin gajiya, saboda tsokar da shan inna ta taɓa in aka matsa mata fiye da kima baya take komawa. Sai an gama wannan ake sakin mutane su yi iyo yadda suke so, su yi wasan ƙwallo a ruwa, shi ma Roosevelt yana tsakiyarsu ana ihu ana dariya. Daga nan a sha hantsi, da rana kuma a koyi tafiya da takalmin ƙarfe tsakanin sanduna biyu, a koyi hawa matakala, a koyi yadda ake tashi in an faɗi.

A 1928 Edsel Ford, ɗan mai kamfanin motocin Ford, da matarsa suka ba da dala 25,000 aka gina kwami mai rufin gilashi don a ci gaba da aiki lokacin sanyi. Aka bi gine-ginen wurin aka yi musu hanyoyi masu gangara a madadin matakala, aka faɗaɗa ƙofofi. Masu jinyar suka fara buga mujallarsu, suna rubutu a kan yadda ya kamata a gina gida da otal don mai keke ya shiga da kansa, shekaru da dama kafin wata doka ta tilasta haka. Fred Botts, wanda ya zo a taragon kaya, bai koma gida ba. Ya zama mai rajistar marasa lafiya, duk sabon zuwa ta hannunsa yake bi.

Shi fa Roosevelt, ya warke?

Bai warke ba. Ya kamata a faɗi wannan ƙarara, domin kanun jaridar nan na 1924 alkawari ne da ruwa bai cika ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake tafiya da ƙafarsa shi kaɗai ba. Ya zo wurin shekara uku bayan ciwon, lokacin da mafi yawan sauƙin da jijiya za ta bayar ya riga ya wuce, kuma ɓarnar da aka yi wa tsokokinsa daga ƙugu zuwa ƙasa mai yawa ce. Abin da ya samu shi ne ƙirji da kafaɗu da hannuwa masu ƙarfin gaske, da tsokar ciki da ta baya da suka ƙaru. Da su ne, tare da horon Helena Mahoney, ya ƙware a wata irin tafiya: takalmin ƙarfe a kulle a gwiwa, sanda a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya damƙi damtsen ɗansa ko dogarinsa, yana jefa ƙugu gaba ɗaya bayan ɗaya, yana murmushi yana hira don kada a lura da wahalar. 'Yan taku kaɗan ne, daga mota zuwa dandamali, amma da su ya koma siyasa. Yana Warm Springs ne a 1928 aka yi ta bugo masa waya ana roƙonsa ya tsaya takarar gwamnan Niyu Yok. Ya yi ta zillewa, yana ganin in ya ƙara shekara biyu a ruwa zai ajiye sanda. Daga baya ya amsa, ya ci, a 1932 kuma ya ci shugabancin ƙasa. Da ya shiga fadar White House a 1933, jama'a ne suka yi karo-karo aka gina masa wurin iyo a ciki, wanda a yau ɗakin taron manema labarai ke zaune a kansa.

Akwai abin da ke sosa mini rai a nan. A bainar jama'a ya ɓoye kekensa iya ƙoƙarinsa, hotunansa a kan keke 'yan ƙalilan ne, domin ya san yadda masu zaɓe ke kallon gurgu. A Warm Springs ne kawai yake sakin jiki, a gan shi da siraran ƙafafunsa a bakin ruwa, ya ja jiki a ƙasa in ta kama, ba wanda zai kawar da kai. Yara masu jinya sun ga shugaban ƙasarsu a haka, sauran Amurkawa ba su gani ba.

Wurin yana da nasa babban laifi. Jojiya ta wancan zamani ƙasar wariyar launin fata ce, kuma gidauniyar ta bi wannan tsari. Baƙaƙen fata na dafa abinci, suna shara, suna ɗaga marasa lafiya, amma shekara da shekaru ba a karɓi 'ya'yansu a matsayin masu jinya ba. Har da likitocin da ke fakewa da cewa wai shan inna ba ta cika kama baƙar fata ba, maganar da kowace unguwa a ƙasar Hausa ta isa ta ƙaryata. Da matsin lamba ya yi yawa, maimakon a buɗe ƙofa sai aka buɗe wata cibiya daban a Tuskegee ta jihar Alabama a 1941. Mutumin da ya ji zafin a hana mutanensa shiga ruwa saboda ƙafafunsu, ya bar aka hana wasu saboda fatarsu, don kada ya ɓata da 'yan siyasar kudu. Ban ga uzurin da zai wanke wannan ba.

Neman kuɗin tafiyar da wurin ne ya haifi abin da ya fi wurin girma. Daga 30 ga Janairu, 1934, ranar haihuwarsa, aka fara shirya bukukuwan tara gudummawa a garuruwa, na farkon ya tara sama da dala miliyan 1. A 1938 ya kafa gidauniya ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka fi sani da March of Dimes saboda 'yan sulallan da talakawa ke aikowa, O'Connor na shugabanta. Ita ta ɗauki nauyin binciken Dakta Jonas Salk na neman rigakafin shan inna. Roosevelt ya rasu a ɗan gidansa na Warm Springs ranar 12 ga Afrilu, 1945. Washegari aka bi da gawarsa ta gaban babban zauren cibiyar, masu jinya sun jeru a kan kekunansu. Ranar 12 ga Afrilu, 1955, shekara goma cif, aka sanar cewa allurar rigakafin Salk tana aiki.

Inda lamarin ya taɓo mu

Mu a Najeriya mu ne kusan na ƙarshe a Afirka da wannan cuta ta bari. An dakatar da rigakafi a Kano da wasu jihohin arewa a 2003, aka dawo da shi a 2004 bayan cutar ta sake bazuwa. An ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta shanye a Borno a 2016, sannan ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar ta rabu da ita. An yi murna, kuma ta cancanta. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, a kan keken hannu, a bakin kasuwa, a wajen walda, a filin ƙwallon guragu, a ofis da aji. Yawancinsu matasa ne, kuma akwai abin da ke jiran wasunsu a gaba: shekara 15 zuwa 40 bayan ciwon farko, jijiyoyin nan da suka ɗauki marayun tsoka sukan gaji, sabon rauni da ciwon gaɓoɓi da kasala su taso. Ga kafaɗun da suka shekara ashirin suna aikin ƙafa, suna murza keke, suna ja da jiki. Irin wannan jiki motsi yake so wanda ba ya ɗora masa nauyi, a wuri mai ɗumi, kuma a tsaya kafin a gaji. Abin da aka tsara a Jojiya ke nan tun 1926.

Ruwan ma muna da irinsa. Maɓuɓɓugar Wikki da ke gandun dajin Yankari a jihar Bauchi ɗuminta digiri 31 ne dare da rana, daidai da na Warm Springs, garau kake ganin yashin ƙasansa, kuma yana da wurare marasa zurfi da mutum zai tsaya. Ba cewa nake a kwashi marasa lafiya a kai su daji ba. Nufina shi ne kada wani ya ɗauka akwai wani sirri a ruwan Amurka. An daɗe ana cewa ma'adinan da ke cikinsa ne ke ɗaga mutum, alhali kowane ruwa mai wannan ɗumi da wannan zurfi zai yi aikin. Ita kanta cibiyar daga 1942 ta mayar da jinyarta cikin kwami na cikin gini. Wuraren irin wannan magani a yau sukan riƙe ruwansu tsakanin digiri 33 da 35, a ƙasa mai rana irin tamu kuwa ɗumama kwami mai zurfin ƙirji ba shi ne abu mai wuya ba.

Mai wuyar shi ne sauran. Kududdufi da rafi ba wurin wannan aiki ba ne, ga tsargiya ga haɗarin nutsewa, kuma wanda ƙafarsa ba ta tokare ƙasa ba a barinsa a ruwa shi kaɗai ko na minti ɗaya. Mai buɗaɗɗen rauni, da mai zazzaɓi ko gudawa, da mai ciwon zuciya mai tsanani, da mai farfaɗiyar da magani bai riƙe ta ba, duk sai likita ya duba kafin a yi maganar ruwa. Ana bukatar mai aikin gashi da zai shiga ciki da kansa, wanda ya san tsoka ɗaya bayan ɗaya, yana da takardar da yake rubuta awon kowa. Ana bukatar ranakun mata daban da ma'aikata mata da suturar da mace za ta sake a cikinta, in ba haka ba rabin masu bukatar ba za su zo ba, iyayensu da mazajensu ma ba za su bari ba. Ana bukatar mai otal ko makarantar da ke da wurin wanka ya yarda ya ba da safiya biyu a mako, ya kuma tsaya a kan bakansa ranar da wani baƙo ya ce shi ba zai shiga ruwan da gurgu ya shiga ba. Dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuma ya cika tun farkon 2024. Wurin wanka na cikin irin waɗannan gine-gine, kuma gyaran nasa daga bakin ƙofar waje yake farawa, ya bi ta ɗakin sauya kaya da makewayi, ya gangara da abin riƙewa har cikin ruwan.